Shekaru 37 na Fuloti: Waiwaye Kan Dokar Farashin Auduga a Ƙasar Funtuwa

Tsakanin 1949 da 1986, manomin da ya ɗauro audugarsa daga Damari ko Daudawa ko Ƙanƙara ya nufi fuloti, wato kasuwar sayen auduga, ba ya zuwa da niyyar ciniki. Babu tayi, babu "albarka", babu sallamawa. An riga an yanke kuɗin kowane awo a wani ofis mai nisa, an yi shelarsa kafin a buɗe kasuwa, kuma a nan zai tsaya har a rufe ta. Abin da ya rage a yi gardama a kai shi ne lamba: ta ɗaya ce, ta biyu ce, ko ta uku. Haka aka yi shekaru 37 ana tafiya da doka guda wadda ta ɗaure farashi da inganci wuri ɗaya. Yanzu da maganar sake kafa hukumar auduga ta dawo, tambayar da nake so mu tsaya a kai ita ce ta wa'adi. Shekara nawa ya kamata irin wannan doka ta yi kafin a zauna a sake duba ta? Wa ke da alhakin kiran zaman, kuma wa za a gayyata?

Tun kafin zuwan Turawa, kudancin Katsina da arewacin Zazzau ƙasar auduga ce. Daga nan fatake ke lodin ta zuwa masaƙan Kano da marinan Kura, waɗanda baƙin yadinsu ke ratsa Sahara. Bature Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya ga cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin. Kasuwar wancan zamani tana da nata tsari: sarkin kasuwa, dillalai, da malamai masu tsawatarwa a kan tauye mudu da algus. Hukuma ta fi sa ido a kan awo da ha'inci, farashi kuwa a bar wa mai saye da mai sayarwa. Mai duba inganci ita ce mai kaɗi da kanta, wadda za ta ja silin auduga tsakanin yatsu ta san ko zai yi zare ko sai dai abawa.

A 1902 masu masaƙun Lankasha suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA a Manchesta ta Ingila, wadda mutanenmu suka mayar Bisije. Damuwarsu ita ce sun dogara da audugar Amurka fiye da kima, suna neman wata ƙasar da za ta ciyar da injinansu. Da layin dogo ya isa Kano a 1911 sun ɗauka buƙata ta biya, har sun kafa injin gurza a Zariya. Sai lissafi ya sha bamban. Masaƙan gida suna biyan abin da ya fi na kamfanin, manoman Kano kuwa suka ga gyaɗa ta fi riba suka rungume ta. Da aka kasa jan manomi da kuɗi, sai aka koma jan sa da doka.

Dokar inganci ce ta fara zuwa, shekaru masu yawa kafin ta farashi. An shigo da irin Allen na Amurka a 1912, saboda silinsa ya fi na gida tsawo. Aka buɗe tashar bincike a Samaru, aka kuma kafa gonar yaɗa iri a Daudawa, cikin ƙasar Faskari ta yau, a shekarun 1920. Mutane da yawa ba su san girman wannan gona a tarihin audugar Arewa ba. Irin da masana suka tace a Samaru, a Daudawa ake fara ninka shi, daga nan a ba manoman kewaye, abin da suka noma a gurza shi daban, guryarsa ta tafi zagaye na gaba, har ta game lardi bayan lardi. Kafin ƙarshen shekarun 1920 layin dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya bi ta Funtuwa, injinan gurza suka tsaya a Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Doka ta ce audugar fitarwa ba a sayen ta sai a kasuwar da gwamnati ta amince da ita, a gaban ma'aikacin duba. Iri kyauta ne, amma daga gidan gurza zai fito, ta hannun hakimi da dagaci. Bayan an gama cira, dole a tuge karan auduga a ƙone kafin ranar da aka sa, don tsutsa kada ta sami wurin kwana har damina mai zuwa. En'e ce ke tabbatar da wannan, da dogarai da 'yan doka, kuma ba da lallashi ba. A bayan duk wannan akwai haraji, wanda sai da tsabar kuɗi ake biya, kuma lokacin karɓarsa ya yi daidai da lokacin fuloti.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo ƙayyade farashi. Gwamnatin Ingila ta karɓe sayen amfanin gonar fitarwa da sunan larurar yaƙi. Yaƙi ya ƙare a 1945, larurar ba ta ƙare ba. Aka kafa hukumar koko a 1947, sannan a 1949 aka kafa ta gyaɗa, ta manja da ƙwara, da ta auduga. Hujjar da aka bayar mai kyau ce a ji: farashin duniya yana hawa yana sauka, don haka hukuma za ta riƙe wani abu a shekarar tsada, ta cika wa manomi a shekarar araha.

Ga yadda abin yake a ƙasa. Da sanyin hunturu jakuna da amalanke za su yi layi tun asuba a bakin fuloti, wani fili da aka kewaye aka share. Kafin a kai ga sikeli sai an bi ta hannun malamin auduga. Za a zazzage kaya a kan tabarma ko buhun ashasha, ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya damƙo daga tsakiya, ya baza. Yana neman ganye, da ƙasa, da wadda tsutsa ta ɓata ta yi ja, da danshi. In ta fita fes, lamba ɗaya. In da datti, sai ya ce a koma gefe a tsince. Nan za ka ga magidanci da 'ya'yansa sun durƙusa suna tsinta da ɗai-ɗai, yana ɗaga kai yana cewa, "Malam, a sake duba mana, don Allah." Shi ya sa tun a gida mata da yara ke ware fara daban, mai tabo daban, domin bambancin kuɗin lamba ɗaya da lamba uku ya isa a yi wahalar. Bayan awo, wakilin saye mai lasisi, na kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt ko na attajiran gida, shi zai biya, ya kai gidan gurza, hukuma ta ba shi kamasho. Ba a rasa ƙorafi ba. Akwai taɓa sikeli, akwai malamin da sai an ga bayan hannunsa, akwai 'yan baranda masu tare mabukaci a hanya su saye a wulaƙance, akwai bashin ba-da-kaka da ke cinye amfani tun yana gona. Duk da haka manomi ya san abu biyu tabbas: nawa za a biya shi, kuma me ake so ya kawo.

Wa'adin farashi kaka ɗaya ne. Wa'adin hukumar kanta kuwa babu wanda ya rubuta shi, kuma a ganina nan ciwon yake. Zuwa 1954 hukumomin nan huɗu sun tara rarar da ta kusa fam miliyan 120, ta auduga tana da sama da miliyan 8 a ciki. Ƙa'idar rabon ita ce kashi 70 cikin ɗari a ajiye don daidaita farashi, 22.5 don ayyukan raya yankunan da ke noman, 7.5 don bincike. Masanin tattalin arziki Peter Bauer ya fito a wannan shekara ya ce wannan haraji ne aka sauya wa suna, kuma lokaci ya gaskata shi. Babu ranar da doka ta tilasta wa hukumar ta tsaya gaban manoma ta ce ga abin da muka riƙe muku, ga abin da ya isa, daga yau za mu rage yanka.

Ba na cikin masu cewa kuɗin duk iska ya bi. Hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Arewa tana cikin waɗanda suka zuba jari aka kafa masaƙar KTL a Kaduna a 1957, a zamanin Sardauna, kuma bayanta ne Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo, har Kakuri ta zama garin ma'aikata. Audugar Faskari ta daina tafiya Ingila kawai, ta koma atamfa da akoko a kasuwar Kantin Kwari. Wannan abin alfahari ne. Sai dai wanda ya biya kuɗin ginin, wato manomin da ake yanke wa sule a kan kowane buhu, ba a taɓa tambayarsa ko ya yarda ba, ba a kuma gaya masa yaushe zai gama biya ba.

In ka bi jerin hukumomin, za ka ga kowace siyasa ce ta kawo ƙarshenta. Ta 1949 ta yi shekara biyar, tsarin mulkin 1954 ya raba ta ga jihohi uku na lokacin. Ta Jihar Arewa ta tsaya har Janar Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, sai ta koma ta haɗin gwiwar jihohin Arewa shida. A 1973 gwamnatin tarayya ta karɓe ikon yanke farashi daga hannun jihohi. A 1977 gwamnatin Janar Obasanjo ta rushe na jihohi ta kafa na ƙasa, kowane amfani da tasa: ta gyaɗa a Kano, ta hatsi a Minna, ta koko a Ibadan, ta auduga a Funtuwa. Ko sau ɗaya ba a sauya tsarin don an auna shi an ga ya cika alkawari ko ya gaza ba. Ana sauya allon ƙofa da masu zama a kujera, fuloti yana nan yadda yake.

Abin takaici, lokacin da hedikwatar ta iso ƙofar gidanmu, lokacin ne auduga ta fara sulalewa daga hannunmu. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya tayar da farashin komai, leburan gona ya yi tsada, matasa suka nufi birni. Ga Naira an ɗaga darajarta sama da ƙarfinta, don haka abin da hukuma ke samu a kasuwar duniya, in an juya shi zuwa kuɗin gida, ba ya da auki. A 1975 kuma Bankin Duniya ya kawo shirin raya noma na Funtuwa, tare da na Gusau da Gombe. Na Funtuwa ya haɗa da gundumomin Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari. Ya kawo takin zamani mai rahusa, da hanyoyin karkara, da sabon irin masara. Ana sa ran zai bunƙasa auduga, sai ya bunƙasa masara. Dalilin a fili yake. Masara tana karɓar taki, ana cin ta a gida, kuma farashinta a Ɗandume ko Sheme yana tafiya da zamani. Auduga kuwa tana son feshi, tana son hannu da yawa wajen cira, kuɗinta kuma yana jiran sa hannun wani a Legas. Dama can manomi ba ya shuka ta sai ya gama da gero da dawa, ko da malaman gona na ta roƙon a shuka a tsakiyar Yuni. Da ya ga bambancin ya yi yawa sai ya rage mata fili. Farashin da aka yanke a shekarar da kaya ke tashi kowane wata, kafin a rufe fuloti ya riga ya tsufa. A irin wannan yanayi kaka ɗaya ma ta yi tsawo, amma babu wata ƙofa a doka ta gyara a tsakiyar kaka, haka kuma babu ta sake duba tsarin gaba ɗaya.

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin SAP, kafin shekara ta fita an rushe hukumomin duka. Lokacin ma ba a ƙirƙiro Jihar Katsina ba, sai a Satumbar 1987. Manoma da yawa sun yi murna, kuma suna da hujja: masu saye sun yi yawa, suna bin mutum har gida da kuɗi a hannu, farashi ya ɗaga. Amma rushewar ta zo a dare ɗaya, ba a ware abin da ya lalace daga abin da ke aiki ba. Aka yi jifa da ƙayyade farashi, aka haɗa da malamin auduga, da tsarin iri na Daudawa, da dokar ƙone kara.

Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. Tunda kowace auduga kuɗinta ɗaya, wa zai zauna tsinta? Tunda nauyi kawai ake biya, sai marasa tsoron Allah suka fara yayyafa ruwa, suna zuba yashi da tsakuwa a tsakiyar buhu. Mai saye ya gane, sai ya rage wa kowa kuɗi, mai gaskiya ya biya laifin maha'inci. Gurya ta cakuɗe a gidajen gurza, iri ya rasa asali, wani ma na matsar mai ne ake sayar wa manomi ya shuka. Sai kuma buhun leda, irin na taki, wanda ya maye gurbin ashasha. Silin leda ɗaya in ya shiga auduga, injin gurza zai yayyanka shi, ya bi zare har cikin yadi. Ba ya shan rini, don haka sai an gama buga atamfa sannan a ga farin layi ya ratsa ta. Saboda wannan silin, audugar Nijeriya ta yi baƙin suna a kasuwar duniya, ana sayen ta ƙasa da ta maƙwabta. Masaƙun gida kuma ga rashin wuta, ga yadin fasa-ƙwauri. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007.

Maƙwabtanmu ba su bi wannan hanya ba. A Kamaru kamfanin Sodecoton, a Mali CMDT, dukansu tun 1974, har yau suna sanar da farashi kafin shuka, suna ba da iri da taki bashi, suna kuma raba auduga zaɓi na ɗaya da na biyu. A Burkina Faso manoma da masu gurza ne ke zama tare su yanke farashin kaka, da asusun da ke cike giɓi in kasuwar duniya ta faɗi. Su ma suna da nasu kuka. Da farashin duniya ya haura dala biyu a kan laba a 2011, audugar arewacin Kamaru ta riƙa tsallakowa Nijeriya saboda farashin da aka yanke musu ya zama ƙarami. Amma Benin da Mali da Burkina suna cikin na gaba a noman auduga a Afirka ta Yamma, mu da muka fi su masaƙu muna baya.

Ƙasashen da suka daɗe da ƙayyade wa kamfanonin wuta da ruwa farashi sun gane cewa tsawon wa'adi shi ne rabin dokar. In ya gajarta, kamfani ba zai zuba jari ba, domin bai san abin da gobe za ta zo da shi ba. In ya yi tsawo, lissafin da aka gina shi a kai zai tsufa, wani ya ci riba a banza ko ya durƙushe. Ingila ta saba da shekara biyar, ta gwada takwas a kan layukan wuta da gas daga 2013, ta dawo biyar a 2021. A Niyu Zilan, kamfanin wuta da ya ga ƙa'idar gama-gari ba ta dace da halinsa ba yana iya neman a yanka masa tasa ta farashi da inganci, wadda ke yin shekara biyar, ana kuma iya rage ta zuwa uku. Haka aka yi wa kamfanin Orion daga 2014 zuwa 2019, bayan girgizar ƙasa ta lalata masa layuka a Christchurch. Da wa'adin ya cika ya koma layin kowa.

Mu ma mun rubuta irin wannan a takarda. Tsarin farashin wuta da hukumar NERC ta fitar a 2008 na shekara 15 ne, da babban bita duk shekara biyar. Daga baya aka raba masu amfani da wuta rukuni-rukuni bisa awannin da aka yi musu alkawari, rukunin A awa 20 a rana, kuma a Afrilun 2024 aka kai kuɗinsu Naira 225 a kan kowane yunit. Ɗaure kuɗi da awanni tunani ne mai kyau, irin na lamba ɗaya da lamba uku ne. Amfaninsa yana ga ko akwai mai cusa hannu ya duba. A ɗaya gefen kuma ga Dokar Ƙayyade Farashi ta 1977, mai lissafa gishiri, sukari, madara, fulawa, ashana, kekuna da man fetur. Ba a soke ta ba, ba a kuma aiki da ita. A Fabrairun 2024 lauya Femi Falana ya sa wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta umarci gwamnati ta yanke farashin waɗannan kaya cikin kwana bakwai, kasuwa kuwa ta ci gaba da harkarta. Dokar da ba a sa mata ranar bita ba, ko dai ta daɗe har ta cutar, ko ta zauna a littafi babu mai waiwayarta.

Ƙoƙarin farfaɗo da auduga bai tsaya ba. A 2018 aka amince da irin da ke jure tsutsa, wanda aka gwada tare da cibiyar IAR ta Samaru. A Mayun 2019 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da rabon iri a Katsina a ƙarƙashin shirin bashin manoma. A Afrilun 2025 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a kafa hukumar raya auduga da masaƙu da tufafi. Duk wannan yana zuwa ne a lokacin da babbar damuwar manomin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara ita ce ko zai iya zuwa gonarsa ya dawo lafiya. Auduga tana wata biyar zuwa shida a gona, ana cirar ta sau da yawa, a fili, da mata da yara. Babu farashin da zai sa uba ya tura iyalinsa dajin da 'yan bindiga ke yawo, don haka tsaro ne sharaɗin farko.

Ga masu rubuta dokar sabuwar hukuma, musamman 'yan majalisarmu na shiyyar Funtuwa, roƙona shi ne kada ku bar ta ta fito babu wa'adi. A sanar da mafi ƙarancin farashi kafin ruwan shuka, a bar ƙofar ƙari in kasuwa ta tashi, kuma a bar manomi ya sayar wa wanda ya fi biya. A dawo da lamba, a hana buhun leda, a tayar da aikin iri na Daudawa, kuma a rubuta waɗannan a sashe na daban yadda ko an soke maganar farashi gobe ba za su bi ta ba. Sannan a sa a cikin dokar cewa duk shekara biyar hukumar za ta kawo lissafinta a fili a Funtuwa, gaban wakilan manoma da masu gurza da masu masaƙu, kuma in ba a sabunta ikonta a wannan zama ba, ya faɗi da kansa. Manoman Damari da Daudawa su nemi kujerarsu a wannan zama tun yanzu, kafin a sa wa dokar hannu.